Bayan Tuɓe Kaki: Yadda Tsohon Soja Zai Kafa Sunansa a Birnin Kano

Muddin mutum yana cikin kaki, ba ya bukatar ya gabatar da kansa ga kowa, domin igiyar da ke hannun rigarsa ko aninin da ke kafaɗarsa sun riga sun gaya wa na ƙasa da shi yadda zai tsaya a gabansa, sun kuma gaya wa na sama irin nauyin da za a iya ɗora masa. Ranar da ya karɓi takardar sallama, ya kwashe iyalinsa daga barikin Bukavu ko na Janguza ya koma Hotoro ko Kurna ko Rijiyar Zaki, wannan gabatarwa ta ƙare, saboda tun asali ta rundunar ce, aronta aka ba shi. Abin da zai rage masa shi ne laƙabin da maƙwabta za su sa masa, wanda galibi ba ya wuce Baba Soja ko Samanja ko Kanar. Irin wannan laƙabi yana sa a shimfiɗa wa mutum darduma a sahun gaba a wurin ɗaurin aure, amma ba ya sa ɗan kasuwa ya ɗauki waya ya neme shi da aiki. Ga shi kuma wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 20 ya cika shekara 35 yana aiki zai fito ne yana da 55, da sauran ƙarfinsa, da yara a makaranta, wasu ma sukan bar aikin tun kafin su kai haka.

A Kano ana sanin mutum ne da abin da jama'a suke shaidarsa da shi a bayan idonsa, kuma shaida ba ta zama a bakin mutane sai an ɗaure ta da abu guda takamaimai. Idan aka ambaci wane, sai wani ya ce ai shi ne mai haɗa wutar solar nan da ba ya saɓa lokaci, to wannan mutum ya yi suna. Idan kuwa amsar ta tsaya a kan cewa tsohon soja ne, an faɗi abin da ya kasance a da, ba a faɗi dalilin da zai sa a neme shi yau ba.

A fara da takardu

Wanda har yanzu yake bakin aiki ya fi kowa sa'a, domin shekara ɗaya ko biyu kafin ritaya ne lokacin da ya dace a soma shiri. Abu na farko shi ne daidaita takardu, tunda mutumin da yake zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja yana bin haƙƙinsa a Hukumar Fanshon Sojoji ba shi da natsuwar kafa wata sana'a. Ya tabbatar sunan da ke kan takardar sallamarsa shi ne ke kan lambarsa ta NIN da BVN da asusun banki, harafi da harafi, da ranar haihuwa iri ɗaya. Wani zai ga wannan ƙaramin abu ne, amma a ƙasar da ake rubuta Muhammad ta hanyoyi daban-daban, kuma wasu suka shiga soja da sunan garinsu a madadin sunan mahaifi, bambancin harafi ɗaya yana iya tsayar da biyan kuɗi ko rajistar kamfani. Rubutun da aka tsaya a kansa shi ne zai hau kati da allon shago da shafin intanet, ba a sake taɓa shi ba. Kwas ɗin koyon sana'a na wata 6 da ake yi wa masu shirin ritaya a cibiyar sojoji ta Oshodi a Legas kuma bai kamata a ɗauke shi hutun ƙarshe ba. Kafin mutum ya zaɓi kiwon kaji ko kifi ko walda ko ɗinki ko kwamfuta, ya tambayi kansa wa zai saya a Kano, kuma a wace unguwa.

Daga nan sai ya samu takarda da biro ya zauna shi kaɗai ya rubuta abin da hannunsa ya yi a shekarun aikinsa, ba muƙaman da ya riƙe ba. Farar hula ba ya gane sunayen kwasa-kwasan soja, kuma idan aka gaya masa an je Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG, ko an je Darfur, ko an yi aikin yaƙi da Boko Haram na Lafiya Dole da Haɗin Kai a Arewa maso Gabas, zai jinjina ya yi addu'a, amma ba zai ga inda hakan ya shafi shagonsa ba. A ɗauki misalin samanjan da ya daɗe yana riƙe da siton bataliya, ya je wurin wani babban ɗan kasuwa a Kasuwar Singa yana neman a ba shi kula da rumbunan kaya. Idan bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, ni tsohon soja ne, na yi wa ƙasa aiki, ko da abin da za a taimaka mini da shi," abin da zai samu shi ne kuɗin mota da alkawarin za a neme shi. Idan kuwa ya ce, "Alhaji, na riƙe siton da ake ciyar da ɗaruruwan mutane daga cikinsa, kowane buhu da ya shiga ko ya fita yana da shafi da sa hannu, kuma duk lokacin da masu bincike suka zo ƙirga sukan tarar da kaya daidai da littafi, a ba ni rumbu ɗaya na wata uku a gani," to ya sosa wa Alhaji inda yake yi masa ƙaiƙayi, domin babu ɗan kasuwar Singa ko Dawanau da bai san ciwon kayan da suke zurarewa tsakanin mota da sito ba. Haka za a rubuta takardar tarihin aiki, wadda aka fi sani da CV. Shafi ɗaya ko biyu sun isa, kowane layi yana faɗin aikin da aka yi, da yawan mutane ko motoci ko kayan da aka kula da su, da abin da ya biyo baya, ba tare da an ambaci inda runduna ta yi sansani ko irin makaman da ta riƙe ba.

Daga cikin abubuwan da aka rubuta ne za a zaɓi guda. A nan ne ake yawan tuntuɓe, don mutane sun riga sun yanke cewa tsohon soja sai gadi, har shi kansa yakan yarda da hakan bai duba abin da ke hannunsa ba. Gadi sana'a ce ta halal, kuma mai son kafa kamfaninsa yana da kasuwa a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, da makarantu da asibitoci masu zaman kansu. Sai dai ya sani cewa dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta wajabta lasisi, hukumar Sibil Difens ce take sa ido a kan harkar, kuma ba a yarda masu gadin kamfani su riƙe bindiga ba. Amma aikin soja ya ƙunshi kusan kowace sana'a da ake yi a gari. Wanda ya yi sigina ya san waya da batir da na'urorin sadarwa, ga Kano cike da masu neman a haɗa musu sola da kyamarar tsaro. Wanda ya kula da ayarin motoci ya san lissafin mai da taya da lokacin sabis, abin da masu jigilar hatsi daga Dawanau da masu hulɗa da tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a 2023, suke bukata kullum. Makanikan da suka yi aiki a makarantar koyon tuƙin jirgi ta sojan sama da ke Kano sun saba da ƙa'idar duba inji wadda ba kowane gareji ne ya san ta ba. Wanda ya horar da kurata ya iya tsara darasi ya kuma sa a maimaita har a iya, kuma tun bayan gobarar da ta cinye ɗimbin shaguna a Kasuwar Sabon Gari a 2016, babu shugaban kasuwa da zai ce bai san amfanin koya wa 'yan kasuwa da masu gadi abin yi a mintocin farko na tashin wuta ba. Matan da suka yi jinya ko aikin ofis ko koyarwa a makarantun bariki su ma wannan lissafin za su yi.

Zaɓen abu guda bai hana mutum noma a ƙauyensu ko sa jari a shagon ƙaninsa ba, magana ce ta abin da za a riƙa kiransa da shi. Katin da aka jera masa tsaro da gine-gine da dillancin filaye da aikin Hajji da Umara da sayar da motoci yana gaya wa mai karantawa ne cewa mai shi bai ƙware a ko ɗaya ba.

Ana yawan kafa misali da manyan hafsoshin da suka yi fice bayan ritaya. Janar T. Y. Danjuma ya bar aiki a 1979 ya shiga harkar jiragen ruwa, daga baya ya kafa kamfanin mai na SAPETRO a 1995. Kanar Sani Bello, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1975 zuwa 1978, a yau da yawa sun fi saninsa da kamfanin Mainstream mai gudanar da tashoshin wutar Kainji da Jebba. A ganina waɗannan misalai ba su da wani amfani mai yawa ga kofur ko saje ko ma manjo, domin mutanen sun fito ne da sanayya a ƙololuwar mulki, wadda ba kowa yake da ita ba. Wanda ya fi kusa da abin koyi shi ne Laftana Janar Abdulrahman Dambazau, wanda ya yi digirin digirgir a fannin nazarin laifuffuka a Ingila tun a 1989 yana cikin kaki, ta yadda ko da bai zama babban hafsan sojan ƙasa a 2008 ba, yana da takardar da farar hula suka yarda da ita. Wannan kowa zai iya kwaikwayo daidai ƙarfinsa. Mai sana'ar hannu ya nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ko ta hukumar jarrabawar sana'o'i ta NABTEB, injiniya ya yi rajista da hukumar kula da aikin injiniya ta COREN, ma'aikacin jinya ya sabunta lasisinsa, mai son buɗe shagon magani ya nemi izinin hukumar masu harhaɗa magunguna tun kafin ya kafa kanta. Mai son ƙarin karatu kuwa ga Jami'ar Bayero da makarantarta ta kasuwanci mai ɗauke da sunan Dangote, ga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da cibiyarta ta Kano, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha.

Abin da zai hau allo

Rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ita ce take raba sana'a da buga-buga. Ga mai shago ko gareji, rajistar sunan kasuwanci ta wadatar kuma ta fi sauƙin kuɗi. Mai son kamfanin gadi ko neman kwangila kuwa sai ya yi cikakken kamfani, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, ba sai ya jawo wani ya sa a takarda don cika ƙa'ida ba. Da zarar takarda ta fito sai a buɗe asusun banki da sunan sana'ar, a raba shi da asusun da fansho yake shiga, domin ɗan kasuwar da aka ce ya tura kuɗi asusun kamfani yana yi wa mutum wani kallo daban. Rajistar CAC ba ta kare tambari, wannan yana da nasa ofishin a Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki ta Tarayya, kuma mai yin ruwan leda ko abinci na cikin mazubi ba shi da hanyar kauce wa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC.

Game da sunan da za a raɗa wa sana'ar, Kanawa sun saba ɗaure kasuwanci da sunan mai shi. Alhassan Dantata ya rasu tun a 1955 amma har yau sunansa yana kan kamfanonin zuriyarsa, gidajen man A. A. Rano suna ɗauke da sunan mai su, kuma a Kantin Kwari da gidan wane ake kwatance, ba da lambar shago ba. Saboda haka sunan mutum na yanka tare da abin da yake yi ya fi sunaye masu tsoratarwa irin na damisa da kwamando. Gwajin mai sauƙi ne. Idan ɗan adaidaita sahu zai iya riƙe sunan daga ji ɗaya ya kai fasinja ƙofar wurin, sunan ya yi.

Muƙami kuma a rubuta shi yadda yake, a bi shi da kalmar mai ritaya. Kano babban birni ne amma ba a ɓuya a cikinsa, kuma wanda ya fita da igiya uku ya bar mutane suna kiransa Kyaftin zai wayi gari wata rana wanda suka yi kwas tare ya gaishe shi da muƙaminsa na gaskiya a gaban jama'a, daga nan sai a fara yi masa kallon sojan gona alhali ya yi aikin da gaske. Akwai kuma tambayar ko ya kamata muƙamin ya fito a allo ma tukuna. A harkar tsaro da horarwa yana ƙara daraja. A shagon kaji ko ɗinki ko kayan gini yana iya korar mai saye, domin akwai wanda zai yi tunanin idan kaya suka fita da matsala, wa zai iya mayar wa soja da su? A irin wannan wuri gara a bar mutane su ji labarin aikin sojan daga baya, bayan sun riga sun gamsu da cinikin. Kaki da tambarin runduna ba kayan talla ba ne, ba a ɗinka wa masu gadi riga mai kama da ta soja, kuma ajiye hular soja ko ɗamara a gaban mota don kada 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa su tsayar da mutum yana rage masa ƙima a idon maƙwabta fiye da abin da yake tsere wa.

Abin da ya fi duk takardun nan wuya shi ne sauya murya. A bariki ana ba da oda a taƙaice, a cika ta babu musu. A kasuwa sai an gaisa, an tambayi gida da iyali da gajiya, mai saye ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, a sake cewa albarka, har a kai ga sallamawa, kuma duk wanda ya nuna a fuskarsa cewa wannan ɓata lokaci ne ya rasa cinikin da ma na gaba. Mai saye zai ce yana tafe bayan Azahar ya zo bayan La'asar bai ga laifinsa ba. Yaron shago zai yi kuskure, har ya mayar da magana, kuma ba a sa shi tsallen kwaɗo, domin kafin magariba labarin ya zaga layin. Amma akwai halayen bariki da ba a zubarwa ko kaɗan, su ne ma jarin, wato zuwa a kan lokaci, da tsabtar wurin aiki, da rubuta komai, da kawo rahoto ba sai an tambaya ba. Mai haɗa solar da ya gama aiki ya miƙa wa maigidan rasit ɗin kowace waya da batir a cikin ambulan, ya ce, "Yallaɓai, ga lissafin abin da aka kashe, ga kuma canjinka," ya yi tallar da ba a saye da kuɗi, domin maigidan nan zai ba da labarin a majalisarsu a daren ranar, kuma ba zai manta ya ce ai tsohon soja ne ba.

Ayyukan farko su ne tushen shaida, don haka a fara da ƙanana waɗanda za a iya gamawa da kyau, kada a zuba garatuti gaba ɗaya a kan haya da kwalliyar ofis. Kada kuma a yi su kyauta, domin wanda aka saba da shi a kan taimako yana da wuya a koma biyansa. Idan an gama wa makaranta ko kamfani aiki, a nemi su rubuta 'yar wasiƙar shaida a kan takardarsu mai tambari. A tanadi littafi guda da za a riƙa rubuta sunan kowane sabon mai saye da wanda ya turo shi, a kuma kira wanda ya turo a yi masa godiya. Bayan wata 6 littafin zai nuna ta wace ƙofa aiki yake shigowa, sai a daina kashe kuɗi a kan sauran.

Unguwa, rediyo da waya

Wanda ya shafe shekaru ana sauya masa wurin aiki daga wannan jiha zuwa waccan yakan dawo ya tarar unguwarsu ba ta san shi ba, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Maganin wannan ƙafa ne. Ya je ya gaida mai unguwa da liman, ko shugabannin cocinsa idan Kirista ne, a riƙa ganinsa a jana'iza da suna da dubiyar marar lafiya, ba sai ranar da yake neman wani abu ba. Unguwannin Kano da dama suna fama da ƙwacen waya da faɗan daba, kuma kwamitin tsaro na unguwa wuri ne da tsohon soja zai nuna abin da ya iya kowa yana gani. Gudummawarsa ita ce tsara jadawalin sintiri, da buɗe littafin rahoto, da riƙe hulɗa da ofishin 'yan sanda na yankin, da tsayawa kai da fata a kan cewa wanda aka kama a miƙa shi ga hukuma ba a taɓa lafiyarsa ba. Ranar da aka gan shi a gaba wajen dukan wanda ake zargi, ya tabbatar wa mutane abin da dama suke tsoro game da soja.

Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Najeriya, wadda aka kafa a 1964, tana da amfani wajen samun ma'aikatan da aka san halinsu da masu tsaya wa mutum shaida, kuma taron tunawa da mazan jiya na ranar 15 ga Janairu yana haɗa mutum da hafsoshi da jami'an gwamnati a wuri guda. Sai dai majalisar da kullum hirarta bashin fansho da labarin daji ba ta kawo ciniki. Dole a haɗa da ƙungiyar 'yan kasuwar da sana'ar ta shafa, da cibiyar ciniki da masana'antu ta KACCIMA, wadda take shirya baje kolin duniya a filinta na Titin Gidan Zu a ƙarshen shekara.

Kano garin rediyo ne, kuma tun da Freedom Radio ta fara aiki a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yawaita, kowace tana neman baƙon da ya san abin da yake faɗa. Zama baƙo a shiri ana bayyana wa 'yan kasuwa yadda ake duba tukunyar kashe gobara, ko yadda makaranta za ta tsara fitar yara a lokacin tashi, ya fi sanarwar talla tasiri. Haɗarin shi ne daɗin makirufo. Da zarar an saba da muryar mutum za a fara kiransa ya yi sharhi a kan kowane hari da kowane sauyin hafsoshi, kuma wanda ya bar daji shekaru da suka wuce bai san halin da ake ciki a can yau ba. Ya tsaya a fagensa. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 ba ta sauka daga wuyan mutum don ya yi ritaya, haka nan dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana hawa kan tsohon soja kamar yadda take hawa kan kowa. Jama'a kuma suna gaskata maganarsa a kan tsaro fiye da ta wani, don haka saƙon murya ɗaya na cewa an ga 'yan bindiga a wuri kaza, idan ya tura shi bai tantance ba, zai yi nisa da sunansa a manne.

A waya, WhatsApp na kasuwanci shi ne farko, da sunan sana'a da adireshi da hotunan aiki da lokutan buɗewa. Facebook da TikTok suna isa ga mutanen gari, LinkedIn kuma yana da amfani ga mai neman aiki a manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji, waɗanda suke ɗaukar jami'an tsaro da na jigilar kaya. A sa wurin sana'ar a taswirar Google. Hoto ɗaya cikin kayan gida masu tsabta, suna ɗaya, lambar waya ɗaya a ko'ina. Abin da za a riƙa ɗorawa shi ne aikin hannu kafin a fara da bayan an gama, da izinin mai shi, ba hotunan bindiga da filin daga ba. Ba laifi ɗa ko 'ya su riƙe shafin, amma kada a ɗora komai sai maigidan ya karanta.

Akwai batun da ba a son tayarwa, amma ya shafi suna kai tsaye. Wanda ya dawo daga fagen fama da rashin barci da saurin fushi da razana, ya nemi likita a sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Dawanau, ya kuma bincika abin da tsarin inshorar lafiyar sojoji na DHML ya tanadar wa masu ritaya. A zamanin da kowa yake riƙe da kyamara a aljihu, faɗa ɗaya a kan titi ya isa ya rushe aikin shekara biyu.

Masu zuwa aron suna

Da zarar suna ya fara fita, za a fara sallama a ƙofar gida, kuma ba duka masu sallamar ne suke neman aikin da aka iya ba. Wani zai zo ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wanda ya riƙe mini kuɗi, raka ni kawai ya gan ka." Wani rigimar fili ce yake so a je a tsaya masa. Duk waɗannan tsoron kaki suke son haya, kuma wanda ya amsa sau ɗaya ya zama ɗan karɓar bashi a bakin mutane, ko da gaskiya tana wajen wanda ya raka. Amsar ita ce a nuna musu hanyar mai unguwa ko shugabannin kasuwa ko kotu. Iyaye za su zo da takardun 'ya'yansu da ambulan a ƙarƙashi, suna neman a sa baki a ɗauki yaro a Depot ta Zariya, inda ake horar da kurata, ko makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna. Rundunar ta sha nanata cewa ba a sayen gurbin shiga soja, don haka a taimaka da shawara a kan motsa jiki da cike fom da shirin jarrabawa, a mayar da ambulan a gaban shaida.

Waɗanda suka fi haɗari su ne masu zuwa da sutura mai kyau suna neman a shiga cikin daraktocin kamfaninsu ba tare da an sa ko kwabo ba. Darakta yana da alhaki a gaban doka, kuma idan kamfanin ya cinye kuɗin mutane, sunan mai muƙami ne zai fara fitowa a rediyo. Kafin a sa hannu, a ga takardun rajista da na haraji, a kai wa lauya na kai ya duba, ba lauyan kamfanin ba. Haka masu harkar zuba kuɗi da alkawarin riba mai yawa kowane wata, irin MMM da ta durƙushe da kuɗin jama'a a 2016, sukan nemi tsohon hafsa ya jawo musu abokan aikinsa masu riƙe da garatuti. Duk kamfanin zuba jari da ba shi da rajista da hukumar kula da kasuwar hannun jari ta SEC a bar shi, kuma ko yana da ita, kada mutum ya kira abokansa zuwa ga abin da shi kansa bai gane yadda ribarsa take fitowa ba.

Siyasa ma tana zuwa neman tsohon soja, wani lokaci da tayin shugabancin kwamitin tsaro na yaƙin neman zaɓe. Haƙƙinsa ne ya shiga jam'iyyar da ya ga dama har ya tsaya takara, sai dai ya sani cewa a Kano ko launin hula yana da ma'ana, kuma masu sayen kayansa suna kowane ɓangare. Wanda ya yanke shawarar shiga, ya fara tambayar su wane ne yaran da za a ba shi ya jagoranta da abin da za su riƙe a hannu, ya buɗe wa siyasar shafi da lambar waya daban, kada kuma ya manna fastar ɗan takara a ƙofar shagonsa ko a jikin motar kamfani.